Igiyar Awo

Da hantsi na isa otel ɗin Alhaji Kiyari,
can bayan Zango, inda duwatsu ke kwance kamar shanu sun ƙoshi.
An gama haƙa ramin wanka, siminti bai gama bushewa ba.
Ɗan-Jimo magini na tsaye da cokalinsa,
yana kallona kamar na zo bin bashi.

Takardar meri na aljihuna, ninki ya cinye gefenta.
Ta ce ɓangaren yara kada ya wuce gwiwar babba.
Ta ce a rubuta zurfi a baki da manyan lambobi,
yadda wanda bai taka lekol ba ma zai tsaya ya duba.
Matakala ta yi kaushi, ban da karo mai santsi.
A ja shinge, a sa ƙofa mai rufe kanta.
Bakin magudana kuma raga biyu,
don ruwa in zai fita ba ya tambayar ƙafar wa ya riƙe.

Na saki igiya.
Ta sauka, ta ci gaba da sauka.
Metir biyu da ɗoriya, a wurin da zane ya ce ɗaya.
Daga inda yaro zai shiga yana dariya
taku uku ne zuwa inda ƙasa ta ƙare.

Alhaji ya iso, turarensa ya riga shi.
«Haba ɗan'uwa, a Damagaram?
Garin da ake sayen ruwa jarka-jarka,
'yan ga-ruwa na tura baro tun kafin kiran salla,
ni na kawo tabki cikin gida, ku ce sai da awo?
Baƙina manya ne, duk sun iya iyo.»
Ya dunƙule jaka goma ya tura mini a tafi.
Na goro, in ji shi.

Ban iya ba shi amsa da wuri ba.
Barmu nake gani.

Ƙanena ne, shekararsa tara.
Ramin da aka ɗebi ƙasar tubali a bayan unguwarmu,
damina ta cika shi har baki,
ya kwanta lumui, kamar ba ya cin kowa.
Babu lamba, babu shinge, ba wanda ya taɓa auna shi.
Gefensa iya ƙauri, tsakiyarsa Allah kaɗai ya sani.
Takalminsa na roba muka fara samu,
ƙafa biyu a jere, ya ajiye su da kyau
don kada Inna ta yi faɗa.

Har yau in hadari ya haɗu
Inna takan ƙirga mu, ta kai huɗu ta yi shiru.

Na mayar masa da kuɗinsa.
Na ce, «Alhaji, mai dafa maka abinci tana da 'ya,
ga ta can tana jan gwangwani da zare.
Ita ba baƙuwa ba ce, kuma ba ta iya iyo ba.»
Hatimi ya koma jakata bai sha tawada ba.

Ɗan-Jimo ya raka ni bakin ƙofa,
ya ce ƙasa-ƙasa, «Na faɗa masa tun ranar haƙa.
Ya ce gangare cin siminti ne.»

Kwana goma sha tara ya yi yana fushi,
ya kai ƙarata wajen wani, wani ya kai wajen wani.
Ran ashirin aka kira ni.
An cike ramin, an yi masa gangare a hankali,
raga biyu, shinge kore, lambobi ja kamar barkono.
Yarinyar ta tura ƙofa, ƙofa ta dawo ta ce ƙaras.
Ta sake turawa. Ta yi dariya.
Na buga hatimi.

Da zan fita motar sitan na shigowa, ta uku ke nan,
ruwa na zuba ta gindinta a kan titi,
awaki na binta suna lasa.
Famfon gidanmu kwana shida bai ce uffan ba.
Na buɗe takardar, na duba gaba da baya.
A kan wannan ba ta ce komai ba,
igiyata kuma ba ta kai can.