Layi na Arba'in da Bakwai

Kafin rana ta leƙo ta bayan duwatsun Andes
Nibaldo ya ɗaure igiyar takalmi,
ya kurɓi shayinsa a tsaye,
motar aiki na tari a ƙofar gida a Kalama.
Sanyin Atakama ba ya sallama,
ƙashi yake nema kai tsaye.

Filin ya fi ƙarfin ido.
Farantan sola baƙi wuluk, layi bayan layi,
kowane layi a kan doguwar sandar ƙarfe,
a tsakiyarta ɗan inji da bai kai kan jariri ba,
shi ke juya nauyin da mutum ashirin ba sa iya ɗagawa.
Cikin dare duk sun koma gabas,
sun zuba ido ga baƙuwar da ba ta taɓa saɓa alkawari ba.

Sai ɗaya.
Layi na arba'in da bakwai ya kwana yana kallon yamma,
can inda ta jiya ta faɗi,
ya juya wa asuba ƙeya.

"Mutuminka ya sake yin fushi," in ji Fresiya ta rediyo,
"tun ƙarfe uku yake min jan ido a kwamfuta."

Ya durƙusa a kan tsakuwa, ya kwance noti shida.
Rairayi ya shiga, ya auri giris,
sun haifi abin da ke cin haƙorin giya a hankali,
ba ƙara, ba gaggawa.
Ya sa yatsa ya kwaso, baƙi ƙirin,
ya tsaya yana kallonsa fiye da yadda aikin ke bukata.

Irin wannan likita ya ce yana cikin ƙirjin babansa.
Shekara talatin da ɗaya Hermohenes ya yi a ramin tagulla,
ya shiga da duhu, ya fito da duhu,
rana a wurinsa labarin ranar Lahadi ce.
Da numfashi ya fara yi masa rowa
abu ɗaya ya roƙa: a kai shi inda take.
Da safe bakin ƙofa.
Da hantsi kusa da tankin ruwa.
La'asar ta yi, a ja kujerar bayan gida,
ƙafafunta huɗu na zana layi a ƙasa.
Wata bakwai yaro ɗan sha huɗu yana jan kujera,
bai san sana'a yake koyo ba.

Ya wanke giya da kananzir, ya cusa sabon giris,
ya mayar da murfi, ya buga sandar da tafin hannu:
"To, malam, ya isa haka."

Sauran layukan sun riga sun yi nisa.
Yana son yadda suke yi da sassafe:
ba sa miƙewa gaba ɗaya don kwaɗayin haske,
kowanne na ɗan kwantawa baya
kada inuwarsa ta faɗa kan na bayansa.
Injiniya ya ce lissafi ne.
Nibaldo bai musa ba.

Fresiya ta danna.
Shiru.
Sai wani nishi daga cikin ƙarfe,
irin na wanda ya daɗe a zaune.
Farantai tamanin suka ɗago tare,
suka ratsa sama a tafiyar hawainiya,
haske ya zubo musu a fuska.

Anjima iskar yamma za ta taso da haukanta,
duk su kwanta shamɓal har ta wuce.
Da saura tukuna.
Ya zauna a inuwar layin, ya warware burodi da fiya.
Bai kai rabi ba rana ta taɓa masa gwiwa.
Ya ja akwatin sifanoninsa, ya matsa kaɗan.