Cikin Dorina

Ƙarfe huɗu da rabi nake barin Agege,
kafin ladan ya gyara murya.
Danfo biyu, asuba a gindin gada a Oshodi,
sai Lekki, inda kamfanin fim ya cike fadama da yashi
ya dasa mata lilo, da jirgin ƙasan wasa,
da wani dutsen roba mai aman ruwa.

A can sunana Mama Dorina.
Kan kaɗai kilo goma sha ɗaya ne.
Obinna ke ja mini zif ta baya,
ni in ɗaura masa wuyan raƙumin dawa,
mu fito muna rangaji kamar mun ci gado.

Ban taɓa kallon fim ɗin har ƙarshe ba.
An ce a ciki dorinar ta ceci gari,
ta wage baki ta shanye ambaliya.
Ni ruwan da na sani
shi ne mai gangarowa daga ƙeyata
ya taru a takalmin soso.

Waƙarta kuwa, sau arba'in a wuni. Na ƙirga.
Lasifikar na ɓoye cikin bishiyar siminti.
Ranar da aka ɗauke wuta, janareta ya yi gardama,
dawakin lilo suka tsaya ƙafa a sama,
sai na kama bakina yana rera ta
a cikin duhun kan, ni kaɗai.

Dokar Madam Bisola uku ce:
Dorina ba ta magana, ba ta zama, ba ta tari.
Yara su ja mini wutsiya,
wani ya shafe mini alawar auduga a ciki,
iyaye su ce a sake, hoton bai fita ba.
Ta ragar da ke tsakanin haƙora nake ganin duniya,
rabin fuska, rabin fuska.

A gida na ce a ofishin fim nake aiki.
Ba ƙarya ba ce,
gaskiya ce aka rage wa tsawo.

Sai wata Laraba, hadari ya taso daga teku,
motar makaranta ta sauke yara masu koren riga.
Na gane rigar kafin in gane mai ita,
don ni na kai wa tela ya ƙara mata hannu.
Kubura. Shekara takwas, haƙori biyu babu.

Na ɗaga hannu yadda aka koya mini.
Na juya ƙugu. Aka yi dariya.
Ta bari layi ya ƙare, ta zo ƙarshe,
ta yi ɗage, ta sa baki daidai ragar:

"Baba, ka bar kularka a kan benci.
Tana jakata.
Ƙafar hagu ce ta tona ka,
haka kake jan ta tun faɗuwar acaba."

Dorina ba ta magana.
Na sunkuyar da kilo goma sha ɗaya, na ɗago.
Ta ce wa ƙawarta a ɗauke mu, ta riƙe mini yatsan soso.

Da la'asar, a bayan dutsen roba,
ruwa na dukan kwano,
ni da Obinna muka raba garau-garau mai sanyi.
Kan na ajiye a gefe kan bokiti,
yana ta washe baki,
bai ci ko loma ba.