Ramin Safaya

Babana Ermes ya bar min gida mai yoyo,
da itacen zaitun goma sha ɗaya,
da jar mota mai kujera biyu
wadda ta girme ni da shekara tara.
Ƙasa-ƙasa take, kamar kyanwa ta hango ɓera.
In ta yi gurnani a gangaren Brisighella
sai tattabarun hasumiya sun watse.

Amma ciki gare ta.
Zuwa Faenza da dawowa, cefanen kwana uku.
Ni mai koyar da lissafi ce,
wannan lissafin ya ƙi fita.
Wata bakwai tana kwance a ƙarƙashin tamfol,
gizo-gizo na ɗinka mata labule.

Na kai ta wurin Oreste, tsoho mai yatsu tara,
wanda farcensa ya manta launin farce.
Ya zagaya ta sau biyu.
Ya ce, "Nives, gas kike so ta sha?
Da ubanki na nan, da sifana zai bi ni."
Na ce, "Ba ya nan."
Ya cire hula, ya mayar, ya ɗaga bonet.

Nan bututu zai bi, in ji shi,
na jan ƙarfe, siriri kamar hanjin kaza.
Nan 'yar tukunya, ruwan lagireto zai ɗumama ta,
don gas a tanki ruwa ne,
sai ya ji ɗumi yake zama numfashi.
Fenti ba zan taɓa ba,
bakin ɗura a bayan lamba zan ɓoye shi.
Tanki kuwa zagayayye ne kamar gammo,
ba shi da mazauni sai ramin safaya.

Muka ɗaga safaya.
A ƙarƙashinta, cikin leda,
wani ɗan littafi mai tabon baƙin mai.
Rubutun babana, mai jingina dama:
kwanan wata, lita, kuɗi,
tun zamanin lira har yuro ya shigo.
Shafukan farko, cike da tanki, cike da tanki.
Shafukan ƙarshe, lita biyar.
Lita uku.
Lita biyu, a gefe ya ƙara:
"Ya isa gada da dawowa."

Ashe ba gwiwa ba ce, Baba.
Shekara shida kana ce mana gwiwa.

Oreste ya juya baya, yana neman wani noti
da ke cikin hannunsa.

Ranar Lahadi a dandali,
masu tsofaffin motoci sun jeru suna goge madubi.
Gualtiero mai farar safar hannu
ya sunkuya ya shinshina salansa.
"An mai da ingarma murhu.
Soya mana ƙwai mana, Nives."
Aka yi dariya. Na bar su suka gama.
Tasa a bayan tirela ya kawo ta,
tayoyinta ba su san kwaltar bana ba.

Ba zan yi ƙarya ba, ta rage zafi.
A hawan dutse takan nemi giya ta biyu
inda da ta uku take wucewa.
Muryar ma ta yi taushi, kamar mai azumi.
Kuma ba safaya. In ƙusa ta same ni, sai ƙafa.

Amma Oreste ya bar min makunni
a ƙarƙashin sitiyari, inda ido ba ya kai.
Da safe da fetur nake tashin ta.
Minti biyu,
gareji ya cika da warin rigar babana.
Ba na buɗe ƙofa da wuri.
Sai allurar zafi ta motsa
in taɓa makunni,
ta yi ɗan tari, ta karɓa.

Littafin yana aljihun mota.
Na ci gaba daga layin da ya tsaya:
lita talatin, jiya.
Mun wuce gadar, Baba.
Bayanta akwai kwana goma sha huɗu,
na ƙirga.