Safa Ƙafa Ɗaya

Daga tagar kicin ɗinmu ake ganin wurin.
Ruwa ne kamar kowane ruwa,
sai koriyar ganga da ke rawa a kansa,
sai kuma ran da iska ta yi barci
ɗigon baƙin mai ya taso, ya buɗe ido,
ya baje launi bakwai, ya mutu.
Shekara tamanin da ɗoriya
jirgin nan bai gama numfashi ba.

Ni ce Thora Isbister. Shekarata shida a lokacin.
Erlend yana da sha shida,
wuyan rigarsa ya fi kafaɗarsa faɗi,
muryarsa ba ta gama fashewa ba.
Ya ce igwar jirginsu, in ta yi tari,
kofuna kan faɗo a Kirkwall.
Ya ce in ya hau sama da dare
yakan gane gonarmu da kukan tumaki,
don an hana kunna fitila,
an toshe kowace taga da baƙin bargo.

Manya suka ce Scapa Flow tukunya ce mai murfi,
ko kifi sai da izini.
Amma sai bango ya tsage
ƙadangare ke samun wurin shiga.
Abin ya shigo ta ƙarƙashi, bin cikar teku,
bai yi sallama ba.
Na ji ƙara, na ɗauka ƙofar rumbu ce,
na gyara kwanciya.

Da asuba teku ta yi baƙi har bakin dutse.
Huluna na yawo.
Babu jirgi.
Wurin da yake jiya ya zama sarari,
kamar gurbin haƙori a baki.

Uwarmu tana saƙa masa safa.
Ta gama ta dama, ta kai dunduniyar hagu.
Nan ta tsaya.
Ba ta warware ba, ba ta ƙarasa ba,
ta soke alluran cikin ulu,
ta ɗora a kan agogo,
ta fita tatsar saniya.

Duk kaka sojojin ruwa kan zo,
su busa ƙaho, su zuba furanni,
masu nutso su sauka da sabuwar tuta
su hau da tsohuwa, ta jiƙe, ta koɗe.
Bana wata yarinya ce a cikinsu,
Kerensa Pascoe, 'yar can kudu.
Ta sha shayina, hannunta jajir da sanyi.
Na ce, ke da kika je, faɗa mini.

Ta ce a kife yake, kamar saniyar da ta gaji.
Ciyawar ruwa ta yi masa riga.
Kifaye na shiga ta bakin igwa, suna fita.
Ba ma taɓa komai, kaka, kabari ne,
ko cokali ba ma ɗagawa.
Amma shirun wurin ba ya ban tsoro,
kamar ɗakin yara ne bayan an kashe fitila.

Na sauko da safar daga kan agogo.
Asu ya ci rabonsa.
Na auna ta dama da tafin hannuna.
Ashe ƙafarsa ƙarama ce haka?
Ni da na rayu ina kiransa babban yaya,
yau jikan jikana ya girme shi.

Ta miƙo hannu: in kai masa?
Na yi shiru har shayi ya huce.
Na ce a'a, 'yata, bari.
Ba a aika wa mutum ƙafa ɗaya.

Da ta tafi na nemi tabarau.
Yatsuna sun ƙage, ulun ya yi fari,
na manta yadda ake juya dunduniya.
Sau uku ina warwarewa.
A waje iska ta kwanta,
wani ɗigon ya taso.
Na ce masa, na gani, Erlend.
Yi haƙuri, saura kaɗan.