Kafin a Buɗe Bokiti

Bokiti biyu na sayo a Sabon Gari,
shuɗi mai ruwan sararin hantsi,
na ɗora a keke har Limancin Kona,
na ce wa Sallau: gobe war haka
ina son ɗakin Inna ya riƙa ƙyalli.

Sallau ko kallon bokitin bai yi ba.
Ya tuɓe hula, ya kara kunne da bango
kamar likitan Shika a ƙirjin tsoho,
ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can.
Nan ya ce ƙwas. Can ya ce bum.
"Ka ji? Wannan ganga ce, ba bango ba.
Yaɓen ya saki uwarsa tun damina uku.
In na shafa maka yau, Malam,
kafin a ci sabon gero za ka zage ni."

Sai aka shiga kankara.

Koren fentin mai ya fara zubowa,
na shekarar da Barau ya sami aikin reluwe.
Ƙarƙashinsa ruwan ɗorawa, na sunan Ladidi.
Ƙarƙashin wannan farar ƙasa ce,
aikin Inna da ƙwarya da tsumma
duk jajiberin Sallah.
Can ƙasa ga fensirin Baba:
masara buhu biyu, Ɗan'asabe, an biya.
A gefe 'yan layuka hawa-hawa,
tsawona da na Barau.
Kullum ya ɗara ni da yatsa biyu.

Rana ta uku muka iske tsagar.
Daga gindin indararo ta gangaro,
siririya kamar zaren ɗinkin hula.
Wani ya taɓa liƙe ta da siminti,
ya shafe, ya yi shiru.
Na ce a toshe ta mu wuce.
Sallau ya ɗauko kurfi da guduma
ya hau faɗaɗa ta, ina tsaye ina salati.

"Tsaga ba ta ci da rufaffen baki.
Sai ka buɗe ta, ka ga iyakarta,
ka share ƙura, ka ba ta ruwa ta sha,
sannan kwaɓin da ka ba ta ya zauna."

Gara ta fito, da tsohon gidan zanzaro,
da anini mai huji, ban san na wa ba.

Yanzu an cike, ana jiran ya bushe.
Sallau ya ce kwana biyar, ba ragi,
ya wanke cokalinsa ya tafi Tudun Wada.
Ɗakin kamar kan da wanzami ya bari rabi,
ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika shi.

Na zauna a kan bokitin.
Shekara huɗu ke nan ni da Barau
in mun haɗu a ɗaurin aure:
ya gida, lafiya lau, ya yara, madalla.
Shafe ɗaya, shafe biyu, a kan ƙura.
Maganar rabon gidan nan tana ciki tana cin azara.

Bayan isha'i na lalubo lambarsa.
Ta yi ƙara har sau shida.
Ya ɗauka, ya ce, "Lafiya?"
Na ce, "Ba sosai ba, Yaya.
Ka zo ka ga wani abu a bango
tun ban rufe shi ba."