Ƙauyen da Muka Ci

Kwana bakwai igwoginmu na aman wuta,
har kunne ya manta kamannin shiru.
Aka ce ko ɓera ba zai tsira a can ba.
Aka ce ban da gudu, taku za mu yi,
kamar masu zuwa coci ran Lahadi.

Da asuba aka zaga da barasa, kurɓi ɗai-ɗai.
Amos Tattersall ya miƙo mini nasa,
wai cikinsa ya rufe ƙofa.
Masaƙa ɗaya ta raine mu a Lankasha,
inda ƙarar injuna ke haɗiye murya,
sai muka koyi karanta leɓe
tun ba mu iya karanta takarda ba.

Bakwai da rabi. Usur.
Tsanin rami taki biyar ne, na ƙirga.
A sama, rana ta fito fes,
har da wani tsuntsu da bai ji labari ba.

Wayar ƙaya na nan yadda aka shuka ta.
Jamusawan da aka ce sun zama toka
suka hauro daga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa,
suka girke bindigarsu a kan buhunan yashi.
Na san wannan ƙara.
Ɗinki take yi, layi bayan layi,
mu ne ƙyallen.

Na faɗa wani gurbi da bam ya haƙa,
farar ƙasa kamar alli ta cika mini baki.
Da na ɗaga kai, ga Amos rataye a waya
kamar rigar da aka manta a shanya.
Ba mai jin kowa. Leɓensa na motsi.
Na zaci ruwa zai nema, ko Ubangiji.
Ya ce: gaya wa Hester,
kuɗin haya na cikin butar shayi.
Ya maimaita, don ya san ni da mantuwa.

Sai bayan mako uku muka shiga ƙauyen.
Laftana Pembridge ya buɗe taswira,
ya duba ƙasa, ya duba takarda,
ya ce, muna tsakiyar coci.
Ba bango, ba ƙararrawa,
sai jan tabo na garin bulo a kan fari,
da ƙafar keken ɗinki,
da wani yaron Jamus kwance rub da ciki,
gashinsa launin na ƙanena.

Da yamma saja ya kira suna.
Yakan dakata bayan kowane,
ya ba shiru damar amsawa.
Shiru ya fi mu yawa a fareti.

Jarida ta ce mun ci ƙauye.
A tambayi wannan farar ƙasa
wa ya ci wani.

Na rubuta wa Hester layi uku.
Na ce bai sha wahala ba.
Na biyun ƙarya ne shi ma.
Na ukun, butar shayi.