Harafi Ɗaya

Da safe na yanki saiwar albasa,
ta Kasuwar Dole, ƙullin dala ashirin,
na ɗiga mata shuni, na danne ta da gilashi.
Madubi ɗaya gare mu a makarantar,
su kuwa saba'in da huɗu ne.

Zuwaira ta duƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba.
"Malama, ɗakuna ne a jere kamar tubali.
Ga wani yana tsagewa."
Na ce rabon gado kike kallo.
Kafin ɗaki ya zama biyu
sai ya kwafe littafinsa kaf,
zarurrukan su yi sahu a tsakiya
kamar jarkoki a famfon Garin Malam,
sannan a ja kowa gefensa,
katanga ta tashi tsakani.
Ba alƙali, ba shaidu, ba wanda aka cuta.
Ɗaya biyu, biyu huɗu,
haka kika yi ta yi har kika cika bencin nan.
Aji ya kwashe da dariya.

Littafin ba ya barin ƙuryar ɗaki.
Ɗan aike ake tura wa da ƴar takarda,
a tsakar gida masu shirya duwatsun wuya na jira,
suna karantawa uku-uku:
haruffa uku, dutse ɗaya,
haruffa uku, dutse ɗaya,
har zaren ya cika, ya naɗe kansa,
ya zama gashi, ya zama farce,
ya zama jan da ke ɗaukar numfashi cikin jini.

Rabe, mai zama bakin taga, ya ɗaga hannu.
"In mai kwafa ya yi kure fa?"

Sai na tuna Baba.
Shekara talatin a bakin gidan waya
yana rubuta wa mutane wasiƙa.
Rana ɗaya ya manta ƙugiyar ɓa:
saƙon kuɗi da "ya ɓata" ya koma "ya ba ta",
gida biyu a Mirriya suka yi damina biyu ba gaisuwa.

Na ce, Rabe, akan duba, akan gyara.
Wani kuren ya wuce ba wanda ya ji,
wani ya zo da sabon launi a gero.
Wani kuma...
Ƙararrawa ta cece ni.

Ban faɗa musu Mutari ba.
Ban ce a dutse na shida ne,
harafi ɗaya cikin dubban dubbai,
ƙwayar jini mai kamar waina
ta lanƙwashe ta koma lauje,
ta maƙale a lungun da ya fi na Birni ƙunci.
Ban ce na san ƙarfe biyun dare a babban asibiti,
da yadda yaro ɗan shekara tara ke cizon zanena
don kada ya tashe na kusa da shi.

Rabi daga gare ni, rabi daga ubansa,
mu biyun garau, ko ciwon kai ba mu cika yi ba.
An ce rabin nan ne ya tsare kakanninmu
daga zazzaɓin sauro a bakin tabki.
Garkuwa ɗaya kariya,
biyu suka danne mini ɗa.
Gado ya kai shi gado.
A takarda kalmar ɗaya ce, sai baki ya raba.

Yau da sauƙi.
Sauran albasar na cikin miya,
shi yana kan tabarma da littafin aikin gida,
ɓawon ciwon gwiwarsa ya faɗi,
sabuwar fata a ƙasa, sumul,
ɗakuna sun yi ta rabuwa ban sani ba.

Ya miƙo mini in duba.
Ya rubuta "ina da karfi",
ba ƙugiya.
Jan alƙalami na hannuna.
Na daɗe ina kallo,
na mayar masa da murfinsa.